A Rubuta Sunan Cutar Noma a Katin Yaranmu

Jama'ar Nguru da Gashuwa, yaro ya zo kunci a kumbure, baki na wari, dasashi na zaizayewa, sai a rubuta "ciwon baki" a kati, a miƙa wa uba takardar kuɗin magani. Ba mu yarda ba. Cutar nan sunanta noma, lambarta A69.0 a kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. In ba a rubuta ta ba, ba za a ƙirga yaranmu ba, balle a ware musu kuɗi. A Asibitin Noma na Sakkwato tiyata kyauta ce, to wa zai tura yaron can alhali kati bai faɗa ba? Iyaye, ku tambayi abin da aka rubuta kafin ku biya.