Hukuncin Saya Wa Yaro Babbar Waya

Wani ɗan kasuwa daga Ngaski ya tambaya: shin ya halatta ya saya wa ɗansa mai shekara 14 babbar waya?

Ya halatta, domin asalin abubuwa halal ne sai abin da nassi ya hana. Da ita yaro zai saurari tafsirin Shaihu Abubakar Gumi, wanda ya rasu a 1992, ya gyara tilawarsa. In ya ƙetare ruwan Kainji kuwa, ya sanar da kai ya sauka lafiya.

Amma da sharaɗi: ka san abokan hirarsa a WhatsApp, wayar kuma ta kwana a ɗakinka. Ba a sakar wa ɗan koyo kwalekwale shi kaɗai. Ɗa amana ne, za a tambaye ka.

Allah Ya shirya mana zuriya. Wassalam.