Ɗan Boko da Dokinsa na Ƙarfe

Ina roƙon ku ara mini kunnuwanku a kan wata magana wadda wasu za su ce ba ta da gurbi a mujallar adabi. Maganar babur ce, da irin riƙon sakainar kashin da muke yi masa, musamman mu da aka ce mun yi boko.

Ni mutumin Daura ne, kowa kuwa ya san Daura da doki. Wanda ya taɓa kallon hawan Sallar Gani ya ga ado, amma bai ga ɗawainiyar shekara guda da ke bayan adon ba. Tun da asuba mai doki yake shiga barga, ya duba kofato, ya shafa gadon baya ko sirdi ya ƙuje shi, ya ba shi dusa da kanwa, kuma ba ya sa ƙafa a likkafa sai ya ja majayi ya tabbatar ya ɗauru. Ko mai barori goma, idonsa yana kan dokinsa.

Yau babur ya gaji doki. Daga Baure zuwa Zango, daga Sandamu har Kongolam bakin iyaka, shi ke kai malami makaranta, shi ke kai mara lafiya asibiti, shi ke ɗaukar buhu zuwa kasuwar Mai'adua ran Lahadi. To, amma dubi jikan mai dokin nan. Ya ci guga, ya rataya jakar littattafai, sarƙa tana ta ƙaraurawa a ƙarƙashinsa kamar gwangwani, ko a jikinsa. Tambaye shi yaushe rabonsa da juyen baƙin mai, sai ya ce sai ya tambayi bakanike. Mutum ya iya feɗe jimla gaɓa-gaɓa a ajin nahawu, amma a miƙa masa sifana ya tsaya yana juya ta kamar an ba shi kunama! A 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri a garinmu, muna ta tinƙaho da ita, alhali kuwa abin sufurin da ke zaurenmu ya gagare mu.

Abin kuwa ba tsafi ba ne. Ka kafa babur a kan babban sitan, ka zare sandar awon mai ka goge, ka mayar ka duba. In lokacin juye ya yi, ka tayar da injin ya ɗan yi ɗumi, ka kwance notin ƙasa, ka tara kwano. Lita guda ko ƙasa da haka take isar yawancin baburan da muke hawa, irin su Boxer da Jincheng. Tsohon man kada ka zubar a lambatu ko kusa da rijiya. Sarƙa ka taɓa ta da yatsa a tsakiya, wasanta kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. In ta saki ka ja ta, in ta bushe ka wanke ka sa mata mai. Sai iskar taya da birki, kafin ka fita.

Inda na fi so a tsaya shi ne soson da ke tace iska. Ƙasarmu rairayi ce, in hunturu ya kama ƙura ba ta barin komai. Idan soson nan ya toshe, injin ba ya samun isasshiyar iska, sai ya riƙa zuƙar fetur fiye da kima, fulogi ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, da safe ka yi ta dukan kik har gumi ya jiƙa maka riga. Idan kuma ya yage, rairayi ya wuce ciki ya riƙa cin fistin da ringi kamar zarto. Maganinsa ɗan kananzir, da shanya, da ɗigon mai. Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, kowa kukan tsadar fetur yake yi, har da wanda yake ƙona rabon gobe a yau saboda ƙyuyar kwance murfi ɗaya.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, kada a cire wa bakanike tuwo daga baki. Wannan tausayin ƙarya ne. Babu wanda ya ce ka farke injin a tsakar gida, ko ka taɓa kabureta da wayoyin wuta in ba ka san kansu ba. Wannan aikin gwani ne, a kai masa, a kuma biya shi da daraja. Amma bakanike mai babura goma a gabansa ba shi zai yi maka juye ba, yaron da ya zo koyo watan jiya zai tura maka, ya ɗaure noti har haƙoransa su cinye, ya zuba maka man kwalba wanda ba wanda ya san asalinsa, kai kuwa kana gindin bishiya kana latsa waya. Wani kuma zai ce yana tsoron ya ɓata. Ɗan acaɓar da bai gama firamare ba yana yi kullum, bai ɓata ba. Gaskiyar maganar ita ce ƙyamar baƙin mai a farce, don kada a ce ɗan jami'a ya zama lebura.

Akwai uzuri guda da na karɓa, shi ma a kanmu laifinsa yake komawa. Littafin da ke zuwa da babur da Turanci yake, manomin Zango ba zai iya karanta shi ba. To, wa zai mayar da shi Hausa in ba mu 'yan Sashen Hausa ba? Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu su tura mutum biyar a hutun nan, su zauna da kanikawa da littafi da alƙalami, su rubuto sunan kowane ƙarfe yadda ake faɗarsa a gareji, mu buga shafi ashirin a raba a kasuwanni. Ni dai a fara rubuta sunana, na ɗauki babin sarƙa da birki.