Ana Sayen Sa da Hoto?

Zuwa ga Edita.  A wannan mako ina so in yi wa 'yan'uwa malamai da akawuna magana a kan mutum-mutumin inji.

Kun tuna da shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta shigo Kano cikin watan Afrilu, aka kulle gari, aka ce kowa ya nisanci ɗan'uwansa. Cikin watan Mayu na shekaran nan ƙasar Ruwanda ta sami mutum-mutumi biyar, ƙirar Beljiyam, ta sa su wuraren jiyya suna auna zafin jikin majiyyata, don likitoci su rage kusantar cuta.

To, akwai masana waɗanda aikinsu shi ne duba yadda ɗan Adam ke ma'amala da irin injunan nan, watau ko ya amince da su, ko ya tsorata. Da can sukan haɗa mutum da inji ɗaki guda su zuba ido. Annoba ta hana. Har taronsu na shekara, wanda aka shirya yi a Kambirij ta Ingila cikin Maris 2020, sai ta intanet aka yi shi. Saboda haka suka koma nuna wa mutane hoton injin mai motsi a kwamfuta, suna tambayarsu abin da suka ji. Waɗansu kuwa suka bar mutum ya sarrafa injin daga gidansa.

Labudda dabara ce, gama ta kai ga mutanen nesa. Amma ni mutumin Wudil ne. Ran Juma'a a Kara ban taɓa ganin wanda ya biya kuɗin sa bai zagaya shi ya shafa tozonsa ba. An ce gani ya kori ji, amma ganin hoto rabin gani ne. Wanda ya ce ba ya tsoron inji a hoto, kadan ya farka ya gan shi tsaye bakin gadonsa, wata magana ce.

Duk da haka, tun da ana iya tambayar mutum daga nesa, me zai hana a tambayi Bahaushe? Tsohuwarmu ba ta karɓar magani hannun wanda bai gaishe ta ba. Kadan ba mu faɗa ba, wa zai koya wa injin?

Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan Wudil tun 2001. Ina roƙon samarinmu su shiga wannan fanni tun annoba ba ta sake rufe mana ƙofa ba. Allah ya kiyashe mu, amin. Haza wasalam.

Naku,
Wani Malami, Wudil.