Mushtari, tauraro mai hayaniya

A daren da sama ta washe, masuntan Tunuga da fataken da ke bin hanyar Gaya zuwa Malanbil ko Kamba sukan ga wani tauraro mai haske wanda ba ya ƙyaftawa. Malamai na kiransa Mushtari. A ido shiru yake, amma kunnen rediyo ya san shi da surutu.

A shekarar 1955 wasu masana biyu na Amurka, Bernard Burke da Kenneth Franklin, suka tsinkayi wata ƙara daga sama a kusa da mita 13 na gajeren zango. Da suka bi sawunta, sai suka iske daga Mushtari take fitowa.

Dalili shi ne maganaɗisu. Duniyar Mushtari na da ƙarfinsa fiye da kowace duniya da ke kewaya rana, kuma takan juya kanta cikin ƙasa da awa 10. Ɗaya daga cikin watanninta, Io, cike yake da duwatsu masu aman wuta, waɗanda kumbon Voyager 1 ya gano a 1979. Kowace daƙiƙa Io na zubar da kimanin tan 1 na hayaƙi mai farar wuta a sarari. Hayaƙin nan sai ya farfashe ya ɗauki cajin lantarki, ya zama abin da masana ke kira filasma, maganaɗisun kuwa ya kama shi yana wujijjiga shi kamar zobe. Wasu ƙwayoyin sukan sami gudun da ya kusa na haske, kuma su ne masu haɗari: mutum ba zai yi rai a cikinsu ba, na'ura ma takan lalace.

Shi ya sa da aka aika kumbon Juno, wanda ya isa can a 2016, aka rufe kwamfutocinsa cikin akwatin ƙarfen titaniyom, tamkar yadda attajiri ke adana kuɗinsa.

Wani zai ce ina ruwan mai sayar da shinkafa da wannan? Ruwansa na nan. Duniyarmu ma na da irin wannan ɗamara ta ƙwayoyi, wadda aka gano a 1958, kuma taurarin ɗan Adam da ke nuna wa direba hanya a cikinta suke shawagi. Abin da aka koya a Mushtari na taimakawa wajen yi musu sulke. Kumbon Turai mai suna Juice, da ya tashi daga Kuru a 2023, ana sa ran isarsa can a 2031.