A Yi Lissafi Kafin A Sayi Injin Haƙar Bitcoin

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in ja hankalin 'yan'uwana ƙananan 'yan kasuwa da mutanenmu na karkara a kan wani ciniki da ake ta tallata mana a waya, wato sayen injin haƙar kuɗin intanet, abin da samari ke kira mainin. Za a nuna maka hoton wani ƙarfe mai kama da ƙaramin akwati, da fankoki gaba da baya, a ce kai dai ka saya ka jona shi da wuta, kana barci yana tara maka dala. Har ta kai wasu sun fara tunanin sayar da shanu ko taɓa jarin shago domin su mallake shi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, wannan sana'a ta masu wutar lantarki mai araha ce da iska mai sanyi, mu kuwa a nan Arewa babu ɗaya daga cikin biyun da muke da shi. Ba ina cewa injin ƙarya ba ne. Injin gaskiya ne, kuma akwai masu cin riba da shi a duniya. Amma wanda ya saya ba tare da ya yi lissafin wuta da zafi ba, garin neman gira zai rasa ido.

Da farko ya kamata mu san aikin da injin yake yi. An fara Bitcoin a shekarar 2009, kuma tsarinsa shi ne injuna a ko'ina cikin duniya suna gasar cankar wata lamba. Kusan kowane minti 10 ake samun wanda ya canka, a ba shi lada. Da farko ladan Bitcoin 50 ne, amma duk bayan kimanin shekara huɗu sai a raba shi biyu: ya koma 25 a 2012, ya koma 12.5 a 2016, ya koma 6.25 a 2020, sannan a watan Afrilu na 2024 ya dawo 3.125. Ke nan abin da duk injunan duniya ke rabawa a yini ɗaya bai wuce kimanin Bitcoin 450 ba, sai ɗan abin da ake samu na kuɗin tura kuɗi. Bugu da ƙari, duk bayan kimanin mako biyu tsarin yana duba yawan injunan da ke aiki, in sun ƙaru sai ya ƙara wa cankar wuya. Kamar rijiya ce guda ɗaya a gari: ko guga nawa aka zura, ruwan ba ya ƙaruwa, sai dai rabon kowa ya ragu.

To, bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. Ɗaya daga cikin injunan da suka fi yawa a hannun masu sayar da na gwanjo shi ne Antminer S19 Pro na kamfanin Bitmain na ƙasar Sin, wanda ya fito a 2020. Yana canka sau tiriliyan 110 a cikin sakan ɗaya. Jin wannan adadi sai mutum ya ɗauka ya kama zaki, alhali kuwa a shekarar 2025 ƙarfin injunan duniya gaba ɗaya ya ninka nasa kusan sau miliyan tara. Idan aka raba Bitcoin 450 gida miliyan tara, kuma aka ɗauka kowane Bitcoin dala 100,000 ne, farashin da ya fara kaiwa a Disambar 2024, rabon wannan inji a yini bai wuce dala 5 ba. In dala tana naira 1,500, kimanin naira 7,500 ke nan, shi ma sai in ya yi awa 24 cur bai tsaya ba.

Nawa zai sha kafin ya kawo wannan? Injin yana jan wat 3,250, wato yunit 78 na wuta a yini. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wutar masu layin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a yini, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage amma bai sauko ƙasa da 200 ba. Ko a kan naira 200 aka yi lissafi, yunit 78 ya kama naira 15,600. Jama'a, wane ɗan kasuwa ne zai sayo kaya a 15,600 ya sayar a 7,500, kullum ta Allah, ya ce yana sana'a? Ko sabon samfurin da ya biyo baya, S21, mai canka sau tiriliyan 200 da wat 3,500, zai sha wutar naira 16,800 ya kawo abin da bai kai 14,000 ba.

Wani zai ce ai shi ba a Band A yake ba, kuɗin wutarsa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wancan ba. Gaskiya ne, a nan injin zai iya barin ɗan abin da bai kai naira 100 ba a kowace awa. Amma awa nawa ake ba ka wutar? Mai samun awa takwas bai tashi da naira 800 a yini ba, kuma ba a cire kuɗin data da na gyara da na sanyaya ɗaki ba, balle a yi maganar mayar da uwar kuɗi. Sannan injin yana bukatar wuta cikakkiya, daga bolt 200 zuwa 240. Irin wutar nan da ake kawowa ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi ba za ta tayar da shi ba. Kada kuma mu manta da watan Oktoba na 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Janareto kuwa ba a ma maganarsa, domin ko da litar gas ɗaya ta ba da yunit uku, sai an ƙona lita 26 a yini. Mai tunanin sola shi ma ya sani sai ya tanadi manyan faranti fiye da 30, ban da tulin baturan da za su riƙe injin da dare.

Abu na biyu, wanda masu talla ba sa ko ambatawa, shi ne zafi. Duk wutar da injin ya sha zafi take komawa, babu ragi. Ka ɗauka ka kunna dutsen guga uku a ɗaki, ka rufe ƙofa, ba a kashe su dare da rana. Kamfanin da ya ƙera S19 Pro ya ƙayyade cewa ya yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara kan wuce 40 a inuwa, balle a shago mai rufin kwano. In zafi ya yi masa yawa sai ya kashe kansa, in abin ya daɗe kuma allunan cikinsa su lalace. In ka ce za ka sa masa iyakwandishan, sai ka ware masa mai ƙarfin doki ɗaya da rabi shi kaɗai, wanda zai ƙara maka kusan kashi ɗaya cikin uku a kan kuɗin wutar da tun farko ya fi ƙarfinka.

Da sanyin hunturu ya zo kuma, sai ƙura ta karɓi aiki. Fankoki huɗu ne ke zuƙar iska da ƙarfi suna turawa cikin injin, duk ƙurar da ke ɗakin a cikinsa za ta tare, ta toshe hanyoyin da zafi ke fita. Dole a sa matacin iska a tagar shiga, a riƙa kaɗe shi, a kuma yi wa iska mai zafi hanyar fita daban, don kada injin ya sake shaƙar abin da ya fitar. Ga ƙara kamar ta ƙaramin janareto, ba dare ba rana, wadda ba maƙwabcin da zai daɗe yana haƙuri da ita. Manyan kamfanoni suna da dabarunsu. Wasu suna jan iska ta cikin labulen da ruwa ke jiƙawa, irin hikimar da ke sa ruwan randa sanyi, amma wannan sai da ruwa wadatacce, kuma da damina ta shigo amfaninsa ya ragu. Wasu kuma suna tsoma injin cikin wani mai na musamman wanda wuta ba ta bi ta cikinsa, da famfo da tankin da ke huce man. Wannan duk jari ne na daban a kan kuɗin injin.

Akwai kuma haɗarin da ya fi asarar kuɗi. Injin yana jan kusan amfiya 15, soket ɗin da muke da shi a gida da shago kuwa na amfiya 13 ne. Jona shi a irin siraran wayoyin nan na cikin kasuwa, awa 24, gayyatar gobara ce, kuma wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ba ya bukatar dogon bayani. Masu raɗa wa mutane cewa a zagaye mita kuwa, su sani satar wuta laifi ne a dokar lantarki ta 2023, kuma taransifomar unguwa ce za ta ƙone, kowa ya kwana a duhu saboda kwaɗayin mutum ɗaya. A ƙasar Malesiya, a 2021, 'yan sanda sun sa motar daɓe titi ta bi ta kan injuna 1,069 da aka kama ana sarrafa su da wutar sata.

Game da sayen injin kansa, a tambayi kai: in yana kawo riba, me ya sa mai shi a can waje ya rabu da shi? S19 Pro ɗin da ya haura dala 10,000 a 2021, bayan rabin ladan 2024 ana samun na gwanjo a 'yan ɗaruruwan daloli, domin ko masu wuta mai araha sun ga ya kusa daina biyan kansa. Tsohon S9 na 2016 ya riga ya zama kayan gwangwan. Masu haɗa kwamfutoci domin haƙar Ethereum su ma sun wayi gari a Satumbar 2022 an daina haƙarsa kwata-kwata. Kuma injin Bitcoin ba kamar injin niƙa ba ne da za a ce in dawa ta ƙare a koma masara. Aiki ɗaya kawai ya iya, ranar da aikin ya daina biya ya zama ƙarfe. Araha dai ba ta ado.

Sai kuma masu cewa ba sai ka sayi inji ba, ka turo kuɗi su kama maka haya a wata ƙasa, kullum ka ga riba tana hawa a wayarka. A watan Fabrairu na 2025 wasu mutum biyu 'yan ƙasar Estoniya, masu kamfanin HashFlare, sun amsa laifin zamba a gaban wata kotu a Amurka, bayan sun karɓi fiye da dala miliyan 500 na irin wannan haya alhali ba su da injunan da za su yi aikin da suka sayar. Lambobin da mutane ke gani a allo ƙirƙirarsu aka yi. Haka nan dangwalen waya da ya cika gari a 2024, irin su Hamster Kombat, ba haƙa ba ne, wasa ne da kamfani ke raba tukuici yadda ya ga dama, kuma kowa ya ga abin da akasarin mutane suka tashi da shi bayan watanni suna dangwale. Mun ga MMM a 2016, mun ga CBEX a 2025. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Su waye to ke cin ribar? Lokacin da ƙasar Sin ta hana haƙa a 2021, masu injunan ba wurin da suka nufa sai inda wuta take da araha, kamar jihar Texas ta Amurka da Kazakistan. A nan Afirka sun yi dafifi a Habasha saboda wutar madatsun ruwanta, har sai da hukumar lantarkin ƙasar ta dakatar da karɓar sababbi a 2025. A Kenya da Malawi da Zambiya akwai kamfanin Gridless da ke ajiye injuna kusa da ƙananan tashoshin wuta na karkara, yana sayen rarar wutar da mutanen gari ba su sha ba. A duk waɗannan wurare, wutar aka fara samu kafin a kawo injin. Mu kuwa ana so mu sayi doki kafin mu san inda za mu samo ciyawa.

Saboda haka shawarata ga duk wanda aka kawo wa wannan talla ita ce ya yi wa mai tallan tambaya huɗu: yunit nawa injin ke sha a yini, nawa yake kawowa a farashin yau, ta yaya za a sanyaya shi a watan Afrilu, kuma wa zai gyara shi in ya lalace? Ya sa a rubuta masa amsa a takarda, ya kai wa mai gyaran wuta da ya yarda da shi su duba tare. Wanda kuma Allah ya hore wa jarin faranti 30 na sola, ai firiza da ƙanƙara da cajin waya da famfon ban-ruwa suna nan, ga masu saye a ƙofar gida, kuma zafin da ke kashe wancan injin shi ne ke kawo wa mai ƙanƙara ciniki.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin kasuwanni da su hana jona irin waɗannan injuna a rumfuna da shaguna, ina kuma roƙon gidajen rediyo da masu unguwanni su wayar da kan jama'a, musamman iyayen da 'ya'yansu ke matsa musu a sayar da kadara. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya tsare mana ɗan abin da muka tara, amin.



Naka,
Mai sayar da kayan wuta,
Kano.