Inkil A Cikin Littattafan Da Ba A Ba Da Aronsu

Matafiyin da ya bar Bauchi ya kama hanyar Gombe yakan wuce Inkil bai ko waiwaya ba. Alhali kuwa a nan Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya yi zango da jama'arsa kafin ya kafa birnin Bauchi a shekarar 1809. To, ɗalibin da aka ce ya rubuto wannan tarihi, ina zai nufa?

Galibi wayar hannu yake ɗauka, ya kwafo abin da bai san wanda ya rubuta ba. Amma kowane laburare na kirki yana da sashe guda inda ake ajiye ƙamus, da kundin sani, da taswira, da jerin sunayen littattafai. Ba a ba da aron waɗannan, domin ba a yi su don a karance daga bango zuwa bango ba, sai dai a duba abu guda a mayar, wani ma ya samu.

A irin wannan sashe ake neman Gazetteer of Bauchi Province, wanda F. B. Gall ya harhaɗa aka buga a 1920, aka kuma sake bugawa a 1972 haɗe da na lardunan Sakkwato da Zariya da Kano. Littafi ne mai amfani ƙwarai wajen jerin sarakuna da sunayen garuruwa. Sai dai mai bincike ya tuna Turawa sun ci Bauchi ne a 1902, watau jami'in masu nasara ne ya rubuta, da abin da tafinta ya juya masa, kuma bukatar mulki ce ta sa aka yi aikin. Wanda ya ɗauki kowace shekara da ke ciki tamkar yankan wuƙa, ya yi gaggawa. Dole ya auna ta da littafin Hogben da Kirk-Greene kan masarautun Arewa na 1966, sa'an nan ya bi sawu zuwa digirin Y. A. Aliyu na Jami'ar Ahmadu Bello, 1974, kan kafuwar masarautar Bauchi. In suka saɓa, saɓanin nan shi ne abin rubutawa, ba abin ɓoyewa ba.

Kalmar sarauta ko ta yaƙi in ta shige duhu, ƙamus ɗin Bargery na 1934 yakan warware.

Abin takaici shi ne yawancin waɗannan takardu sai an je Kaduna, Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, kuma ba kowane ɗalibi ke da kuɗin mota ba. Ya kamata hukumar laburare ta Jihar Bauchi ta nemo kwafinsu, ta kuma tura ma'aikata su naɗi bayanin dattawan Inkil, don mai bincike ya sami abin da zai gwada da rubutun Gall.