Lambun Uwargida: A Shirya Kafin Shamuwa Ta Iso

Ga shi ɗari ya fara ja da baya, bazara kuma ta kunno kai. Wadda ta lura za ta ga mangwaro ya ɗaura 'ya'ya, gawo kuma yana nan shar da ganyensa, sai ruwan farko ya sauka zai zubar da shi. Ba da jimawa ba za mu ga shamuwa ta sauka bisa itace tana haɗa sheƙa, kowa kuma ya san damina ta matso.

To, amma a wannan tsakani ne tukunyar miya takan sha wahala. Kayan lambun fadamun Gulbin Zamfara sukan yi araha da ɗari, amma da zafi ya tsananta sai su janye. Tumatir ya yi tsada a kasuwannin Gummi da Anka da Bukkuyum, mu koma yau kuka, gobe busasshiyar kuɓewa. Don haka shawarata ita ce kowace mace ta kafa ɗan lambunta a cikin gida tun yanzu. Wannan ba sabon abu ba ne. Iyayenmu ba su rasa zogale a bayan ɗaki, kuma a 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta yi ta kira ga gidaje da makarantu su noma abin da za su ci.

Sai dai mu mutanen wannan yanki akwai abin da ya wajaba mu tuna kafin mu ɗauki fartanya. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su 'Yargalma da Dareta da Abare da Bagega. Dalili kuwa shi ne dutsen zinariya da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurarsa ta bi ƙasar tsakar gida, yara suna wasa suna kai hannu baki. Likitocin ƙungiyar MSF suka yi ta jinyar yara, ma'aikata kuma suka kankare saman ƙasar gidaje suka zuba sabuwa. An share 'Yargalma da Dareta a shekarar, Bagega kuwa sai a 2013. Dalma ba ta ruɓewa a ƙasa kamar taki, kuma duk gidan da aka sake shigar da dutsen, an sake shigar da cutar ke nan.

Saboda haka, uwargida, kada ki haƙa tsakar gida ki yi shuka. Nemi fasasshiyar randa, ko tsohon bokiti, ko buhun da aka juye hatsi, ki huda ƙasansa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Buhun da ya taɓa ɗaukar dutsen zinariya kuwa, ko kyauta aka ba ki, kada ki karɓa. Ki roƙi maigida ya sa a ɗebo miki ƙasa daga gona mai nisa da inda ake niƙa dutse ko wanke shi. Ki gauraya ta da kashin awaki wanda ya daɗe ya ruɓe, domin ɗanyen taki yakan ƙone tsiro. Sa'an nan ki ɗora su bisa katako inda za su sami hantsi, inuwa kuma ta rufe su da azahar.

Me za ki shuka? Fara da alayyaho, don cikin kamar wata guda kin fara yanka, in kin bar gindinsa kuma zai sake tohowa. Kuɓewa takan ɗauki wajen wata biyu. Yakuwa da rama da lalo ba su da fitina. Gindin albasa in kin dasa shi zai ba ki lawashi, ɗaɗɗoya kuma ta ƙamsasa miki miya. In ƙwari sun dame ki, daka ganyen dogon yaro, ki jiƙa ya kwana, ki tace ki yayyafa. Kowane ganye kika tsinko, ki wanke shi sarai kafin ya shiga tukunya, don ƙurar da ta zauna a kansa ita ce abin tsoro.

Na san wata za ta ce, "Ina ruwa a wannan zafi?" Ai ruwan da kika wanke shinkafa ko gero, da wanda aka yi alwala, kullum zubarwa muke yi. Tara shi, ki ba shukarki da sassafe da kuma bayan la'asar, ki rufe bakin ƙasar da ciyawa don ta riƙe laima. Wata kuma ta ce awaki da kaji ba za su bari ba. Kara da tsohuwar zana sun isa shinge.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Kowacce ta ɗauki bokiti ɗaya ya zama nata, ta rubuta ranar shuka da ranar tsiro a littafinta, ta kuma kula ƙannenta su wanke hannu kafin cin abinci. Ilmin da kuke karantawa a aji ne za ku gani da idonku.

Ranar da kika zauna da yamma kusa da korayen ganyenki, iska na kaɗa su, yaranki kuma suna cin dambun da kika san asalin ƙasar da ta fid da shi, za ki ce gara da aka yi. Da sanyin safiya ake kama fara, 'yan'uwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.